Birki ko juyin baya: saɓanin masu fatsa kan yadda ake sakar wa kifi zare

Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar fatsa a hannu, kifi mai ƙarfi ya haɗiyi ƙugiya, ya san cewa akwai lokacin da dole a saki. Idan aka riƙe gam zare ya tsinke, ko ƙugiya ta miƙe, ko kuma ta yage leɓen kifin ta fita. Idan kuma aka sake gaba ɗaya, zaren ya yi sako-sako, kifin ya girgiza kai ya tofar da ƙugiyar. Masunci mai igiyar hannu yana warware wannan matsala da yatsunsa, yana matsewa yana sassautawa gwargwadon abin da yake ji. Masu fatsa na Ingila da Amurka, waɗanda ke amfani da doguwar sanda da na'urar naɗe zare, sun gaji matsalar nan yadda take, sai dai na'urar ta ba su hanyoyi biyu na sakin zaren, kuma sun shafe shekaru da dama suna jayayya a kan wadda ta fi. Hanya ta farko ita ce a bar birkin na'urar ya riƙa zamewa da kansa idan jan kifin ya kai wani mizani. Ta biyu kuwa ita ce mai fatsa ya zare sakatar da ke hana mariƙi juyawa baya, ya riƙa murza mariƙin baya da hannunsa, yana ba kifin zare daidai yadda ya ga dama.

Ba za a gane wannan saɓani ba sai an san ƙirar na'urar da ake magana a kanta. Ita ce wadda kwarkwaronta yake tsaye, yana fuskantar kan sanda, wani majuyi mai lanƙwasasshiyar waya yana zagaye shi yana naɗa masa zare duk lokacin da aka murza mariƙi. Alfred Holden Illingworth, wani mai masaƙa a Biradfod ta Ingila, shi ya yi rajistar irin wannan ƙira a 1905, kuma ba abin mamaki ba ne da ta fito daga hannun mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon zare yana fita daga kan kwarkwaro. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na'urar Mitchell 300 da aka ƙera a garin Cluses na Faransa ta yaɗa wannan ƙira a Turai da Amurka, har ta zama abin da yawancin masu fatsa ke fara riƙewa. A cikin kwarkwaron akwai wasu ƙananan faya-fayai da aka jera, na ƙarfe da na wani abu mai laushi bi da bi, ana matse su da wata murfiya da ake murzawa a saman kwarkwaron ko a gindin na'urar. Wannan shi ne birki. Muddin jan da ke kan zare bai kai ƙarfin matsewar ba, kwarkwaron yana nan tsaye, amma da zarar ya wuce, sai ya fara juyawa a kan sandarsa yana sakin zare, da wannan ƙarar ƙaras-ƙaras da masu fatsa ke so su ji. A ƙarƙashin na'urar kuma akwai ɗan makunni da ke sa sakata ko zare ta. Idan an zare, majuyin yana iya tafiya gaba ko baya, mariƙin yana binsa.

Abin da ya kamata a lura da shi tun farko shi ne cewa birki ya shigo sana'ar ne a matsayin ceto daga juyin baya. A 1898 Charles Frederick Holder ya kama kifin tuna mai nauyin kilo 83 a kusa da tsibirin Katalina na Kalifoniya, bayan fama na kusan awa huɗu, kuma a shekarar ce ya kafa ƙungiyar masu farautar tuna ta garin Avalon. Na'urorin wancan zamani ba su da abin da ke raba mariƙi da kwarkwaro, saboda haka idan kifi ya zabura, mariƙin yana juyawa baya da gudun da ke fasa gaɓoɓin yatsu, kuma abin da mutum ke da shi na rage gudun kawai shi ne ɗan guntun fata da yake dannawa a kan zaren da babban yatsa. Ana danganta birki mai siffar tauraro, wanda ya bar kwarkwaro ya saki zare alhali mariƙi yana tsaye, ga William Boschen, ɗan wannan ƙungiya, a farkon shekarun 1910. Tun daga nan maganar ta ƙare a wajen masu farautar manyan kifayen teku, babu wanda ya sake tunanin ya tari tuna da wuyan hannunsa. A ruwan daɗi ne, inda kifaye ba su kai wannan gudu ba, jayayyar ta samu wurin zama.

Dalilin da ya sa ta zauna a can yana da sauƙin ganewa. Birkin na'urori masu tsayayyen kwarkwaro na shekarun 1950 da 1960 ƙanana ne, faya-fayansu kaɗan, kuma abin da aka yi su da shi yakan bushe ko ya jiƙe ko ya taurare. Irin wannan birki yana maƙalewa kafin ya fara zamewa, sa'an nan ya saki da fizga, ya sake kamawa, ya sake saki. Wanda ke kamun ƙananan kifaye a gasar bakin kogi a Ingila, da 'yar mitsitsiyar ƙugiya mai lamba 20 da zaren da kilo ɗaya ke tsinka shi, ba zai iya jure fizga ko ɗaya ba, don haka sai ya ɗaure birkin tam ya koma ga hannunsa. Haka masu neman kap, wani babban kifin ruwan daɗi, suka taso. Wannan fanni ya bunƙasa ne bayan Richard Walker ya kama kap mai nauyin kusan kilo 20 a tafkin Redmire a watan Satumba na 1952, kifin da aka kai gidan namun daji na Landan da ransa, kuma waɗanda suka biyo sawunsa sun koyi sana'ar da na'urorin da birkinsu bai cancanci a amince masa ba. A arewacin Amurka ma, masu kamun kifayen bas da waleye da siririn zare sun bi wannan hanya saboda dalili iri ɗaya. Abin da uba ya koya wa ɗa a bakin ruwa ba ya gushewa don kawai kamfani ya fito da sabuwar na'ura, shi ya sa har yau akwai dattawan da za su sayi na'ura mai birki na zaren kabon, su ɗaure shi har ƙarshe, su zare sakata.

Masu goyon bayan birki sukan tsaya a nan su ce ai magana ta ƙare, juyin baya maganin wata cuta ne da aka riga aka warkar. Akwai gaskiya a cikin wannan, domin birkin yanzu, mai faya-fayan zaren kabon da aka shafa wa giris ko na dannannen ulu mai mai, yana fara zamewa cikin santsi ƙwarai fiye da na da. Amma a ganina sun yi gaggawa, domin hujjoji biyu daga cikin hujjojin masu juyin baya ba su dogara da lalacewar tsohon birki ba, daga ƙirar na'urar kanta suka fito, kuma suna nan ko da birkin ya kai matuƙar kyau.

Ta farko ita ce murɗewar zare, kuma ita ce aka fi yawan yi wa gurguwar fahimta. Duk zagaye ɗaya da majuyi ya yi a kan tsayayyen kwarkwaro yana sa wa zaren murɗa ɗaya, kamar dai yadda mazari ke murɗa auduga wajen kaɗi. Wannan ba ya zama matsala a aikin yau da kullum, saboda lokacin jifa zaren yana zubowa ta bakin kwarkwaron ne yana warware murɗar da aka sa masa, ɗaya bayan ɗaya, har lissafin ya koma daidai. Idan kuwa zaren ya fita ta hanyar birki, kwarkwaron ne ya juya, majuyin bai motsa ba, saboda haka zaren ya fita da murɗarsa a jiki, kuma idan aka sake naɗo shi sai a ɗora masa sabuwa a kan tsohuwar. A ɗauki kwarkwaro mai faɗin milimita 45, wanda kewayensa ya kai kamar santimita 14: kifin da ya ja mita 30 ta birki ya bar wa zaren murɗa fiye da 200 da ba za su warware da kansu ba. Juyin baya ba ya haifar da wannan ko kaɗan, domin majuyin yana komawa ne ta hanyar da ya zo, yana kwance abin da ya ɗaura. Wanda ya kama kap goma a yini guda, kowanne ya yi gudu uku ko huɗu, zai ga bambancin da idonsa idan zaren ya fara nannaɗe kan sanda ko ya riƙa tsalle daga kwarkwaro yana ƙulla kansa. Mafi muni shi ne kuskuren da sabon shiga ke yi, wato ya ci gaba da murza mariƙi gaba alhali birki yana zamewa. A na'ura mai giyar da ke juya majuyi sau biyar a kowane zagayen hannu, yana zuba murɗa biyar ne a kowane zagaye a kan ɗan gajeren zaren da ke tsakaninsa da kifin, ba tare da ya naɗo ko taƙi ɗaya ba. Wannan kuskure laifin mai hannu ne, amma murɗar farko da na ambata ta na'urar ce, ko gwani bai tsira daga gare ta ba.

Hujja ta biyu ta fi wuyar aunawa, amma duk wanda ya taɓa rasa kifi a bakin koma ya san ta. Birki mizani ɗaya gare shi, ba ya sanin ko kifin yana nesa ko kusa, ko ƙugiyar ta kama da kyau ko da ɗan fatar leɓe take rataye, ko akwai kututture a hagu. A farkon fama, lokacin da akwai mita 40 na zaren nailan tsakanin sanda da kifi, zaren kansa yana miƙewa kamar roba yana shanye fizga. A ƙarshen fama kuwa, kifin yana ƙarƙashin kan sanda, zaren da ya rage bai wuce mita uku ba, babu sauran miƙewa, sandar kuma ta lanƙwashe sosai har zaren yana goga zobbanta da ƙarfi, abin da ke ƙara nauyin da ake bukata kafin birki ya motsa. A daidai wannan lokaci ne kifi ke ganin koma ya yi nutson ƙarshe. Mai juyin baya, wanda hannunsa ke kan mariƙi, yana jin kifin ya tattara ƙarfi tun kafin ya zabura, sai ya ba shi zagaye biyu, ya tsayar, ya sake jawo shi. Ya sauke matsin daga kilo biyu zuwa rabin kilo ya mayar cikin daƙiƙa guda, ba tare da ya saki komai ya lalubi murfiya ba. Mai birki yana da amsa a nan, wato ya sassauta birkin idan kifi ya matso, ya riƙa ƙara matsi da ɗan yatsa a gefen kwarkwaro, kuma amsa ce mai kyau wadda gwanaye da yawa ke bi. Sai dai a lura cewa wannan ma komawa ce ga hannu, an dai sauya wurin da hannun ke aiki ne.

To, ina juyin baya ya gaza? Ya gaza a gudu, kuma lissafin ba ya bukatar gardama. Na'urar da na kwatanta, idan giyarta tana juya majuyi sau 5.2 a zagayen hannu ɗaya, da kwarkwaro mai kewayen santimita 14, tana sakin kamar santimita 73 a kowane zagayen mariƙi. Mutum mai saurin hannu zai iya yin zagaye uku a daƙiƙa na ɗan lokaci, wato mita biyu da ɗoriya, kimanin kilomita takwas a awa. Kifin kap da ke tafiyarsa mai nauyi a tafki, ko tarwaɗa da ke nutsewa tana neman ƙasa, yawanci suna cikin wannan iyaka. Amma kifayen teku masu zabura, da salmon da ya samu igiyar ruwa a bayansa, da irin tsagen da ake farauta da sanda a kogin Zambezi, suna wuce ta nesa ba kusa ba a zaburar farko. Idan kifi ya fi hannu sauri, abu biyu ne ke faruwa. Ko dai hannun ya zama shi ne cikas, ya riƙe mariƙin na ɗan ƙiftawar ido fiye da yadda ya kamata, zare ya tsinke. Ko kuma mariƙin ya kuɓuce, majuyin ya yi ta juyawa da kansa, idan kifin ya tsaya shi bai tsaya ba, ya zubo da zare ya cukurkuɗe a bayan kwarkwaro. Tsofaffin gwanayen Ingila suna da dabarar sakin mariƙin da gangan su riƙa taɓa majuyin da yatsa don rage masa gudu, amma dabara ce da ake koya bayan an yi asarar kifaye da dama, kuma ko ita ba ta aiki da kifin da zai ja mita ɗari a numfashi ɗaya. Giwan ruwa mai nauyin kilo 104 da aka kama a tafkin Nasser na Masar a 2000, wanda IGFA, hukumar duniya mai rubuta bajintar masu fatsa, ta rubuta a matsayin giwan ruwa mafi girma da aka kama da sanda, ba irin kifin da ake tara da mariƙi a sake ba ne, ba ma don gudunsa kaɗai ba, har da nauyin da zai ɗora wa haƙoran giya da wuyan hannu.

Akwai kuma gajiya da firgita. Birki ba ya razana idan kifi ya yi tsalle, ba ya sanyi da asuba har yatsunsa su ƙage, hankalinsa ba ya tafiya wajen koma ko wajen kwale-kwalen da ke wucewa. Mai juyin baya da ya ɗaure birkinsa har ƙarshe ya ɗora komai a kan cewa ba zai yi kuskure ko sau ɗaya ba a cikin fama na minti goma sha biyar, alhali kuskuren ɗan lokaci kaɗan ya isa. Wannan shi ne wurin da nake ganin tsofaffin suka kauce, domin ɗaure birki tam ba ya ƙara wa juyin baya komai. Idan an saita birkin a inda ya dace, hannu yana iya yin duk aikinsa a ƙasa da wannan mizani, birkin ba zai motsa ba sai ranar da hannun ya makara, kuma a ranar gara murɗa hamsin a zare da kifin da ya tafi da ƙugiya a baki.

Sai dai shi ma saita birkin ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da yawa daga cikin masu cewa sun dogara da birki ba su taɓa auna nasu ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sa shi tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke tsinka zaren, wato kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ga zare mai ɗaukar kilo shida. Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa za a bar kashi biyu cikin uku na ƙarfin zare a banza? Ba a banza yake ba, ana cinye shi ta hanyoyin da ba a gani. Ƙulli yana rage wa zare ƙarfi, gogar dutse ko ciyawa tana ƙara ragewa, zobban sanda suna ƙara tirjiya, birki kuma ko yaya kyansa yana bukatar ja mai ɗan yawa kafin ya tashi daga tsaye fiye da wanda yake bukata yana cikin tafiya. Babba a cikinsu shi ne abin da ke faruwa idan kwarkwaro ya fara ƙarewa. Matsin faya-fayan bai canza ba, amma zaren yanzu yana ja ne daga kusa da tsakiyar kwarkwaron, kamar mai son kwance noti da gajeren sifana maimakon dogo. Idan faɗin naɗin ya ragu zuwa rabi, ƙarfin da ake bukata don juya kwarkwaron ya ninka biyu, birkin kilo biyu ya zama na kilo huɗu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A ƙara da nauyin ruwan da ke jan dogon zare idan kifin ya karkata ya yi baka da shi. Shi ya sa masu farautar manyan kifaye ke sassauta birki idan kifi ya yi nisa, alhali zuciya tana cewa a ƙara matsewa don kada zaren ya ƙare. Hanyar auna birki kuwa ita ce a zura zaren ta cikin zobban sanda, a ɗaura shi a ƙaramin sikeli mai ƙugiya, a ɗaga sandar kamar ana fama da kifi, a karanta lambar da sikelin ya nuna lokacin da kwarkwaro ya fara juyawa. Jan zare da hannu daga bakin na'ura, wanda kusan kowa ke yi, yana ba da lamba ƙasa da ta gaskiya.

Irin zaren da ake amfani da shi ya sake karkata ma'aunin. Nailan yana miƙewa sosai kafin ya tsinke, don haka yana yafe wa hannun da ya ɗan makara. Saƙaƙƙen zare na Dyneema ko Spectra, wanda ya bazu a tsakanin masu fatsa tun shekarun 1990, kusan ba ya miƙewa, duk girgizar kan kifi tana isowa kai tsaye ga ƙugiya da ƙulli. Wasu masu juyin baya suna cewa wannan ya taimake su, domin suna jin motsin kifin sarai fiye da da, kuma haka ne. Amma lokacin da suke da shi na mayar da martani ya ragu matuƙa, kuma saƙaƙƙen zare mai laushi idan ya zubo ya shiga bayan majuyi, kwance shi aikin wuƙa ne. A wani ɓangaren kuma, saƙaƙƙen zare yana jure murɗa fiye da nailan ko fulorokabon, wani zare mai kama da nailan amma mai tauri, abin da ya rage wa hujjar murɗewa nauyi ga wanda ya koma kansa. Mai amfani da siririn fulorokabon a kan ƙaramin kwarkwaro shi ne wanda murɗa ta fi cutarwa, kuma shi ne wanda juyin baya ya fi yi wa rana.

Kamfanoni dai sun riga sun nuna inda suka karkata. Shimano ta fito da tsarin Baitrunner a 1987, wanda ya ƙara birki na biyu mai sauƙi domin kifi ya ɗauki abinci ya tafi da zare sandar tana kan maɗori, kuma masu kamun kap suka rungume shi, ko da yake ya ƙara musu murɗa. An maye gurbin tsohuwar sakata mai haƙora da wani boris mai tafiya gefe ɗaya, wanda ke kama majuyi nan take ba tare da ɗan wasan baya ba. Sa'an nan a shekarun baya-bayan nan na'urori da yawa, musamman waɗanda aka yi domin ruwan gishiri, suna fitowa babu makunnin zare sakatar gaba ɗaya, saboda ramin makunnin ƙofa ce da ruwa da yashi ke shiga, kuma cire shi yana rage nauyi da abin da zai lalace. Wanda ya sayi irin wannan na'ura an yanke masa hukunci tun a masana'anta. Na'urorin da ake yi wa kasuwar Ingila ta kamun kap da gasar bakin ruwa kuwa galibi suna riƙe da makunnin, domin masu sayensu za su lura idan babu.

Idan aka tambaye ni, zan raba amsar ne bisa kifi da wuri. A ruwa mai faɗi, da kifi mai zabura, da saƙaƙƙen zare, ko a hannun wanda bai daɗe da farawa ba, birkin da aka auna da sikeli shi ne hanya, kuma aikin mai fatsa shi ne ya daina murzawa idan ya ji ƙarar birki, ya jira kifin ya tsaya, ya ɗaga sanda a hankali ya jawo shi, ya naɗe zare yayin da yake sauke sandar. A tafki ko kogi mai sanyin gudu, da siririn nailan ko fulorokabon, da kifi mai nauyin ja amma marar gudu, juyin baya yana ba da iko da tsabtar zaren da birki ba zai bayar ba, musamman a mita biyar na ƙarshe, da sharaɗin birkin yana nan a saice a bayansa. Akwai wuri na uku da duka biyun ba su da amfani, wato inda kifi ke da taku biyu kacal tsakaninsa da saiwoyi ko duwatsu. A nan ba a sakin zare ta kowace hanya, ana sa zare mai kauri da ƙugiya mai ƙarfi ne tun daga gida, a danne kwarkwaro da tafin hannu, a kwantar da sanda gefe a juya kan kifin kafin ya shiga.